Ruwan Kano da namun dajin maƙwabta

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka domin in ja hankalin hukumomi kan kare namun daji tare da ƙasashe maƙwabta, batun da mu Kanawa muke ɗauka kamar bai shafe mu ba.

Ruwan da madatsun Tiga da Challawa suke riƙewa shi ne yake bin kogin Haɗejiya zuwa dausayin Haɗejiya da Nguru, sannan ya shiga Komadugu Yobe, wanda ya raba Najeriya da Nijar kafin ya faɗa Tafkin Chadi. Idan ba a saki ruwan a kan kari ba, fadama takan bushe, kifi ya yi ƙaranci, ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, tsuntsayen da suke zuwa daga Turai lokacin hunturu su rasa masauki, masuncin Diffa ta Nijar kuma ya ji a jikinsa kamar yadda na Nguru yake ji. Haka giwayen da suke kai da komo tsakanin Borno da dajin Waza na Kamaru, babu ƙasar da za ta iya tsare su ita kaɗai.

Tun 1964 aka kafa Hukumar Tafkin Chadi, don haka inuwar da za a zauna ba ta gagara ba. Ina kira ga gwamnatin Kano da hukumar kogin Haɗejiya da Jama'are su tsara lokutan sakin ruwa tare da maƙwabta, a kuma bai wa masu gadin daji damar yin sintirin haɗin gwiwa a kan iyaka.

Naka,
Wani mai karatu daga Kano