Zuwa ga abokan cinikinmu na Zariya: bayani kan ɗaukewar sabis da wayar da muke haya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu da 'yan uwanmu da muke kai wa intanet a Samaru, Kongo, Sabon Gari, Tudun Wada, Gyallesu da cikin birni, muna gaishe ku, muna kuma ba ku haƙuri. A makon jiya sabis ya ɗauke muku kwana uku cur. Wasunku sun yi ta kira, wasu sun tako har shago. Mun ga mai kafe da yara suka cika masa benci suna jiran rajista ya rasa abin da zai ce musu. Mun ga wata baiwar Allah da ke koyar da ɗalibai daga gida, ta zo da kwamfutarta a hannu tana tambaya ko akwai inda za ta zauna ta gama darasi. Abin ya dame mu ƙwarai. Kwana ukun nan mun riga mun ƙara wa kowa a kan watansa, ba sai kun nema ba.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, don haka za mu gaya muku yadda abin yake.

Rawutar da ke ɗakinku, da eriyar da ke kan rufinku, da turken da take kallo, duk namu ne. In ɗaya ya lalace, yaranmu za su hau su gyara kafin la'asar. Amma babbar wayar faiba da ke ɗauko intanet ɗin zuwa Zariya ba tamu ba ce. Akasarin wayoyin ƙarƙashin teku a Legas suke sauka, daga nan sai a biyo gefen titi da faiba, Abuja, Kaduna, har ta iso mu. Ƙaramin kamfani irin namu ba shi da ƙarfin haƙa wannan tafiya. Haya muke yi a wurin wani babban kamfani. A makon jiya katafilar masu aikin hanya ta tsinke wayar. Mai wayar ya juya nasa abokan cinikin zuwa wata hanya cikin 'yan sa'o'i, mu kuwa aka ce mu jira. Muna da masu haɗa faiba, muna da na'urar, mun san daidai inda ta tsinke, amma ba mu da ikon taɓa ta.

Abin da ya sa wannan ya yi ciwo shi ne, wanda muke haya a wurinsa yana sayar da intanet ɗai-ɗai a unguwannin da muke sayarwa. Ku ɗauka mai rijiyar burtsatse ne da 'yan garuwa ke sarin ruwa a wurinsa, sai shi ma ya sayi kurarsa ya sa yaransa suna zagaya layin. Babu laifi a nan. Laifin yana farawa ne ranar da ya sayar wa ɗan garuwa jarka a kuɗin da ya kusa kai wanda yaransa ke sayar wa matan gida, kuma in injin ya samu matsala sai yaransa sun cika tukuna. Ɗan garuwan ba a kore shi ba, amma ba zai kai ƙarshen shekara ba. In ya tafi, unguwar ta koma hannun mutum ɗaya, kuma duk kuɗin da ya yanka shi za a biya.

Wannan matsala ba a kanmu aka fara ta ba. A yawancin ƙasashen da wayar tarho ta shiga kowane gida, kamfani ɗaya ne na gwamnati ya shimfiɗa ta, kuma da intanet mai sauri ta zo, ta cikin wannan tsohuwar wayar tagulla ta bi. Sai hukumomi suka ce ba zai yiwu kowane sabon kamfani ya sake haƙa titi zuwa kowace ƙofa ba, dole mai wayar ya ba abokan gasarsa hayar layin da ya taso daga ofishin haɗa waya zuwa gidan mutum, a farashin da hukuma ta duba. Tarayyar Turai ta kafa wannan doka a ƙarshen shekarar 2000. A Faransa, wani kamfani mai suna Free ya fito a 2002 da intanet ɗin gida a kan Yuro 29.99 a wata, ya girma a kan layukan tsohon kamfanin gwamnati, har manyan suka sauko da nasu farashin. A Birtaniya dokar ta daɗe ba ta yi aiki ba, domin mai waya yana da hanyoyi dubu na jan ƙafa ba tare da ya ce a'a ba. Sai a 2005 hukumar sadarwarsu, Ofcom, ta sa BT, kamfanin da ya mallaki wayoyin, ya amince ya ware sashen da ke kula da wayoyin, aka kafa Openreach a farkon 2006, da sharaɗin ya yi wa BT da abokan gasarsa hidima iri ɗaya: farashi ɗaya, layin jira ɗaya, lokacin gyara ɗaya. Wannan sharaɗin na lokacin gyara shi ne abin da muka rasa a makon jiya.

Mu a nan tarihinmu daban ne. Dattawan Sabon Gari da na jami'a sun tuna yadda samun layin NITEL yake, sai mai hanya, sai mai dogon haƙuri. Kafin GSM ya zo a 2001, layukan ƙasar nan gaba ɗaya ba su kai rabin miliyan ba. Wayoyin tagullar suka ruɓe, wasu aka sace, aka sayar da abin da ya rage na kamfanin a 2015. Saboda haka ba mu da tsohon layin da za a buɗe wa kowa. Abin da muke da shi faiba ce da bututunta da turaku da ɗakunan na'ura, waɗanda kamfanoni masu zaman kansu suka kashe kuɗinsu suka gina.

Shi ya sa ba ma cewa a ƙwace. Wanda ya ciwo bashi ya haƙa ɗaruruwan kilomita, yana sayen dizal, yana biyan masu gadi, yana gyara duk lokacin da aka tsinke masa, haƙƙinsa ne ya ci riba. Masu wayoyin suna cewa in aka tilasta musu bayar da haya da arha, gobe ba wanda zai sake haƙa ko mita ɗaya, kuma maganarsu tana da nauyi. A Amurka ma dokar 1996 ta buɗe layuka, daga baya a 2005 hukumarsu ta janye da yawa daga cikin sharuɗɗan saboda irin wannan hujja. Mun san da haka. Amma a garin da waya ɗaya ko biyu ce ke shigowa, barin komai a hannun mai wayar yana nufin ku ne za ku rasa zaɓi.

Doka kuma tana nan. Dokar Sadarwa ta 2003 ta ba hukumar NCC ikon sa ido kan gasa da kan yadda kamfani zai shiga kayan aikin wani, akwai kuma ƙa'idojin raba turaku da bututu. A 2013 hukumar da kanta ta bayyana cewa kamfanoni biyu ne suka mamaye kasuwar sarin manyan layuka. Tsarin intanet na ƙasa na 2020 zuwa 2025 ya sa burin intanet mai sauri ta kai ga kashi 70 cikin 100 na jama'a, da gudun megabit 25 a daƙiƙa a birane. Jihar Kaduna ta yafe kuɗin izinin shimfiɗa faiba a gefen hanya a lokacin da wasu jihohi ke karɓar dubbai a kan mita ɗaya, alhali abin da aka amince a ƙasa Naira 145 ne. Wannan ya taimaka, shi ya sa muka iya jan 'yar gajerar faibarmu a cikin gari. Sai dai bai taɓa farashin sarin da muke biya daga Kaduna zuwa nan ba.

Abin da muka rubuta wa hukuma muka roƙa bai da yawa. A sa farashin sari ya zama a bayyane, kowa ya gani, kuma ya kasance ƙasa da na ɗai-ɗai yadda ɗan sari zai iya numfashi. A rubuta iyakar sa'o'in gyara, ta hau kan layin ɗan haya kamar yadda ta hau kan na mai waya, da tara in an saɓa. Inda kuma bututu yake da fili, a bar ƙananan kamfanoni su zura tasu wayar su biya, maimakon a sake farfasa titin da aka gama jiya.

A namu ɓangaren, mun fara magana da wani kamfanin na biyu don samun hanyar ko-ta-kwana, ko da ƙarama ce, ta yadda in babbar ta tsinke za ku iya tura saƙo da yin hulɗar banki. Za ta ƙara mana kashe kuɗi. Tun da aka amince da ƙarin kashi 50 na kuɗin kira da data a Janairun 2025 kuɗin komai ya motsa, amma ba za mu ƙara muku ko kwabo ba sai mun sanar da ku wata guda kafin lokacin, da dalilinsa a rubuce.

Muna roƙonku abu biyu. In kun ga ana haƙa a gefen titi kusa da alamar faiba, ku kira mu nan take, sau da yawa magana ɗaya da direban katafila tana ceton mako guda. In kuma kuna da ƙorafin da ba mu warware muku ba, lambar NCC ta masu ƙorafi ita ce 622, kyauta ce, ku kai ƙararmu can, haƙƙinku ne. Masu kafe da makarantu da ke son sa hannu a takardar da za mu sake aikawa hukuma, tana nan a shago har ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci.

Allah Ya bar zumunci, Ya sa albarka a kasuwancinku.

Wassalam,
Masu kamfani da ma'aikata baki ɗaya