Shawarar baƙonku za ta kashe bazar makaranta

Zuwa ga Edita,

Bayan gaisuwa mai yawa. Raina ya ɓaci da shirinku na daren Asabar, musamman inda baƙon nan ya ce a bar kowace rumfa ta karɓi tsabar kuɗi a ranar bazar makarantar ikilisiya, wato kasuwar tara wa makaranta kuɗi, wai don a rage layi. Mai gabatarwa ko uffan bai ce ba. Haba! Wannan shawara ce ke raba kan kwamiti, ta bar makaranta da rufi yana yoyo.

Kafin azahar canji ya ƙare a kowace rumfa. Yaro ya zo da dubu ɗaya zai yi wasan jifa na naira 200, matashin da ke tsaron rumfar ya laluba aljihunsa ya ba shi canji, shi ke nan kuɗinsa da na makaranta sun cuɗe. Wani ya ce zai tura ta waya, a ba shi lambar asusun mai tuya, ya nuna alat na bogi ya ɗauki farantinsa ya yi gaba. Da yamma a zauna lissafi, babu takarda ko ɗaya. Sai zargi ya faɗa kan 'yan Zumuntar Mata, waɗanda tun ƙarfe huɗu na asuba suke gaban murhu hayaƙi yana cin idonsu. Wace uwa ce za ta sake fitowa baɗi?

Tikiti shi ne maganin abin. A buga kala uku, na 100, na 200 da na 500, kowane da lamba da gindinsa da zai rage a littafi, a buga hatimin makaranta a baya. Duk shekara a sauya kala, don ragowar bara kan dawo. Teburin sayarwa kaɗai ke taɓa kuɗi, mutum biyu a kai, kada su zama 'yan gida ɗaya, na'urar POS kuma ta zama ta asusun makaranta. Kowace rumfa a ba ta akwati mai kwaɗo da 'yar tsaga a sama. Mai rumfa ya yage kusurwar tikiti kafin ya jefa, in ba haka ba tikiti ɗaya sai ya zagayo sau uku. Duk bayan awa biyu ma'aji ya kwashe kuɗin tebur, a ƙirga, su ukun su sa hannu.

Layin da baƙon yake tsoro ai tebur guda ne ke jawo shi. A kafa biyu a bakin ƙofa, ɗaya a tsakiyar fili, sannan a fara sayarwa bayan Mas, wato sujadar coci, tun saura Lahadi biyu. Da haka ma masu girki za su san yawan bakin da ke tafe. Buhun shinkafa mai kilo 50 yakan fitar da faranti 350 zuwa 400, ba sai an dafa biyu a kan tsammani a wayi gari ana rabon wadda ta kwana ba. Gwanjo ma haka: a biya a tebur, a kawo rasit, sannan a kwance akuya. Alkawarin da aka yi a lasifika don a sha tafi ba ya sayen kwanon rufi.

Abin da ya fi min zafi, baƙon bai ko tuna da yaran da iyayensu ba su da shi ba. Da tikiti, Sistar coci ko shugaban makaranta na iya cusa wa maraya na naira dubu a aljihu tun ranar Juma'a. Ya tsaya a layin alawa da sa'o'insa, Kirista da Musulmi, babu wanda ya san nasa kyauta ne. Da tsabar kuɗi kuwa sai dai ya jingina da katanga yana kallo.

 

Yawancin ikilisiyoyi a Kaduna, Kafanchan da Jos suna yin nasu tsakanin Oktoba da Nuwamba ne, kwamitoci kuma sun fara zama. Don Allah ku gayyato ma'ajin da ya taɓa riƙe akwatin baza, ku gyara maganar nan a shiri na gaba.

Naku mai sauraro,
daga Kaduna