Wasiƙa zuwa ga aminina, kan giwar da take faɗin lokaci

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Aminina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya kai da iyali. Ya aiki, ya kuma haƙuri da nisa? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Yara kullum suna tambayar yaushe baffansu zai zo.

Bidiyon nan da ka turo mini makon jiya, na wata aba mai ƙafafu rututu tana tafiya a bakin teku ba inji ba direba, na kalle shi ya fi sau goma. Na kuma ga abin da ka rubuta a ƙarƙashinsa, wai "ka ga abin da rashin aikin yi yake jawowa." Na ɗauki waya zan ba ka amsa nan take, sai na ga maganar ta fi ƙarfin gajeren saƙo. Ka san halinmu tun muna makaranta, in muka soma gardama ba ma barin ta a tsakiyar hanya. To gyara zama.

Wanda ya ƙera abin sunansa Theo Jansen, mutumin Holan ne, kuma tun 1990 yake kan wannan aiki. Abin da ka gani kamar ƙasusuwa, bututun roba ne irin wanda ake zura wayar lantarki a ciki, iska ce kawai take tura shi. Ka koma ka zuba wa ƙafa ɗaya ido, ka manta da sauran. Za ka ga tafin ya sauka, ya ja a miƙe a kan rairayi, sannan ya ɗaga ya dawo gaba, gangar jikin kuwa ba ta tsalle. Wannan takun ba dace aka yi ba. Kowace ƙafa sanduna ne da aka harhaɗa, in tsawon ɗaya ya ƙaru ko ya ragu kaɗan, tafiya ta ɓaci. Sai da ya sa kwamfuta ta yi ta gwada tsawo iri-iri, tana zubar da marasa kyau tana riƙe masu dama-dama, kafin ya samu awon da ya dace. Daga baya ya ɗaura wa wasunsu gorunan roba masu tara iska don su ci gaba da tafiya in iska ta ɗauke. Wasu kuma ya sa musu siririn bututu mai gane ruwa, da sun taka teku sai su ja da baya. Babu batir ko ɗaya a jikinsu.

Amma gaskiya ba Jansen ne ya zaunar da ni rubutun nan ba. Bidiyonka ya tuno mini da wani mutum da na daɗe ina ƙauna, Isma'il al-Jazari, wanda ya yi wa sarakunan Diyarbakir aiki, a cikin ƙasar Turkiyya ta yau. A 1206 ya kammala littafinsa mai bayanin na'urori hamsin, da zane da awo. Akwai injinan ɗebo ruwa, akwai makullai, akwai na'urar zuba ruwan wanke hannu. Wadda ta kama zuciyata ita ce agogon giwa.

Ka ƙiyasta giwa ta ƙarfe, da mahayi a wuyanta riƙe da sanda, da magatakarda zaune a gadon bayanta da alƙalami, da wata 'yar hasumiya a samansu. A ƙolin hasumiyar akwai tsuntsu, a gefenta akwai shaho, a ƙarƙashin shahon kuma macijiya ce ta buɗe baki tana jira. Wanda ya gan ta zai ce ado ne kawai. Sirrin yana cikin cikin giwar. Tankin ruwa ne a ciki, da tasa mai 'yar huda a gindi tana shawagi a kai. Ruwa yana shiga ta hudar sannu a hankali, tasar tana nutsewa tana jan zare, zaren yana juya magatakarda, alƙalaminsa yana nuna mintunan da suka wuce. In rabin awa ta cika, tasar ta nutse gaba ɗaya, sai ta fizgi wata igiya da take saki ƙwallon ƙarfe guda a can sama. Tsuntsu ya juya, ƙwallo ta faɗo daga bakin shaho zuwa bakin macijiya. Nauyinta ya sa macijiya ta sunkuyo, kuma a nan ne hikimar take: sunkuyowar da ta yi ita ce take jawo tasar daga ƙasan ruwa ta zubar da abin da ke cikinta, ta sake ɗora ta a sama. Ƙwallo ta wuce, mahayi ya buga kuge, macijiya ta miƙe, a sake sabon lale. Wato agogon shi yake mayar da kansa farko, muddin akwai ƙwallaye a hasumiya. An ƙera irinsa babba a cibiyar kasuwanci ta Ibn Battuta da ke Dubai, in Allah Ya kai ka ka tsaya ka gani.

An ce gani ya kori ji, to ni da babban yarona sai muka ce bari mu gwada tasar kawai, ban da giwa. Muka samu tsohon kwano, muka huda shi da ƙusa, muka ɗora a bokitin ruwa. Ko minti biyu bai yi ba ya nutse. Muka sake wani, wannan karon da allura. Sai ruwan ya ƙi shiga sam, ya tsaya a bakin hudar kamar an shimfiɗa masa fata, sai da muka sa wani ɗan ƙarfe a ciki ya danna kwanon ƙasa sannan ya soma tsattsafowa. Shi ma da yake hudar ba ta zauna a tsakiya ba, kafin ya cika sai ya karkace ya kife. A karo na huɗu ne abin ya yi. Muka ɗaura zare a bakin kwanon, muka ratayo shi ta bayan kujera, muka ɗaure a jikin cokalin da ya tokare wani ɗan dutse, da farantin ƙarfe a ƙasa. Muka zauna shiru muna kallon ruwa yana hawa kamar ba ya hawa. Can sai kwanon ya yi ƙasa, zare ya miƙe, cokali ya goce, dutse ya faɗi a faranti, ƙwal! Da ka ga fuskar yaron nan. Bai yi ihu ba, ya dai dube ni ya ce, "Baba, ashe ruwa yana ƙirga lokaci." Washegari da sassafe muka maimaita, sai muka ga ya ɗan fi na jiya da rana jinkiri. Ruwa mai sanyi ya fi nauyin gudu ta ƙaramar huda, kuma wannan matsala ce da ta daɗe tana damun masu agogon ruwa. Kwano ɗaya ya ci mana yini biyu. Sai ka auna mutumin da ya daidaita tasa da zare da macijiya da kuge, fiye da shekara 800 da suka wuce, ba agogon hannu da zai duba.

Yanzu bari in ba ka gaskiyarka, don kana da ita. Ba duk abin mamaki ne ya cancanci yabo ba. Sai dai ni ma'aunina ba "me za a yi da shi" ba ne. Abin da nake tambaya shi ne, shin yana yin abin da ya ce yana yi, kuma mai shi ya yarda a buɗe cikinsa a duba? Al-Jazari ya rubuta komai dalla-dalla don wani maƙeri da bai taɓa gani ba ya iya ƙera irin nasa, shi ya sa har yau ake ƙerawa.

Kwatanta shi da wannan. A 1770 wani mai suna Wolfgang von Kempelen ya kawo wata na'ura fadar Sarauniya Mariya Teresa a Biyana, babban birnin Ostiriya: mutum-mutumi da rawani da alkyabba, zaune a bayan akwati, yana buga darar nan ta sarki da dawakai da ake kira ces. Kafin wasa sai a buɗe ƙofofin akwatin ɗaya bayan ɗaya, a haska kyandir, jama'a su ga ƙarafa da haƙoran inji. Yana cinye yawancin waɗanda suka kara da shi, har Napoleon, sarkin Faransa, ya sha kashi a hannunsa a 1809. Alhali mutum ne ƙwararre a ɓoye a ciki, a kan kujera mai zamewa, in an buɗe wannan ƙofa ya matsa can, in an buɗe waccan ya dawo nan. Maganaɗisu ne a gindin 'ya'yan darar yake nuna masa abin da aka taka a sama. Haka aka yi ta yawo da shi Turai da Amurka har ya ƙone a wata gobara a Filadelfiya a 1854. Akwai dabara a ciki, ban musa ba, amma dabarar rufe ido ce, kuma ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Abin da yake ba ni takaici shi ne Kempelen ɗin nan ya shafe shekaru yana ƙera wata na'ura ta gaskiya mai kwaikwayon maganar ɗan Adam, da zugazugi a madadin huhu da bakin roba da ake matsawa da hannu, ya kuma wallafa bayaninta a 1791. Masu nazarin sautin magana sun amfana da ita. Amma ka tambayi mutum goma da suka san sunansa, da wuya ka samu biyu da za su ambace ta.

Kan batun amfani kuma, kada ka yi saurin yanke hukunci. A Japan akwai wani Kenji Kawakami da ya shahara da ƙera abubuwan da yake kira chindogu, kayan da suke magance ƙaramar matsala amma su jawo wadda ta fi ta, kamar 'yar lema da ake ɗaura wa kowane takalmi don kada ruwan sama ya jiƙa shi. Daga cikin ƙa'idodinsa, dole a ƙera abin da gaske ya kuma yi aiki, sannan ba na sayarwa ba ne. A littafinsa na 1995, cikin jerin waɗannan kaya, akwai sanda mai riƙe kyamara don mutum ya ɗauki kansa hoto. A lokacin abin dariya ce. Kai da kanka ka turo mini hoton da ka ɗauka da irinta.

Akwai kuma na'urar da ba za ta taɓa yin amfani ba, kuma ina son ta a haka. Wani masani mai suna Marvin Minsky ne ya kawo tunaninta a 1952 a ɗakin bincike na kamfanin wayar tarho na Bell a Amurka, Claude Shannon ya ƙera. Shannon ɗin nan kuwa shi ne ya aza harsashin lissafin da saƙonnin waya da intanet suke tafiya a kai. Akwati ne ƙarami da makunni guda. In ka kunna, murfi ya ɗaga, ɗan hannu ya fito ya kashe makunnin, ya koma ciki, murfi ya rufe. Iyakar aikinsa ke nan. Ba ya yaudarar kowa, ba ya alkawarin komai. Na daɗe ina tunanin me ya sa mutum mai irin wannan ƙwaƙwalwa zai ɓata yammacinsa a kan akwatin da ba ya son a dame shi. Amsar da na samu a wurin kwanonmu na same ta. Hannun da ya saba wasa da ƙarfe da zare don jin daɗi kawai, shi ne yake sanin inda abu zai karkace tun kafin ya karkace, kuma wannan sanin ba a samun sa a takarda.

Saboda haka ga roƙona. Ka samu kwano da bokiti ran da ba ka aiki, ka kira 'yar nan taka mai yawan tambaya. Ku huda a tsakiya sosai, ku soma da ƙaramar huda don faɗaɗawa ta fi toshewa sauƙi, ku kuma sa ɗan nauyi a ciki. Namu yanzu yana kai minti goma sha ɗaya, yaron kuma ya dage sai mun kai rabin awa kamar giwar. Har ya soma zanen macijiyar da za ta ɗago kwanon, da kwali da waya. Ka rubuto mini minti nawa naku ya yi, da abin da yarinyar ta ce sa'ad da dutsen ya faɗi.

Ka gai da uwargida da yara duka. Mutanen gida suna gaishe ku. Allah Ya sada mu da alheri.

Naka har kullum,
Amininka