Rahoton ayyukan shekara na ƙungiyarmu ta masu karatun kimiyyar halittu, Yamai

Assalamu alaikum malamanmu, yayyenmu da ƙannenmu. Ga abinda biro ya yi a bana, a yi haƙuri da tsawon rubutun.

A reniyon farko aka tsaida cewa taken shekara shine zafi, da yadda ƙwayar halitta take kare kanta daga gare shi, muka ɗauki aikin marigayiya Farfesa Susan Lindquist ta Amurka muka bi shi tun daga tushe. Wasu sun yi gunaguni wai me ya haɗa mu da ƙuda da yis ɗin burodi alhali ga palu ga matsalar cimaka, to yanzu dai ina jin sun samu amsarsu.

Zaman karatu na ranakun Asabar shi ya fi cin lokacinmu. Mun faro daga 1962 da Ferruccio Ritossa a Italiya ya ga wasu wurare sun kumbura jikin kuromozom, wato zaren da ke ɗauke da gado cikin ƙwayar halitta, na ɗan ƙudan nan Drosophila bayan an ƙara zafin akwatin da yake kiwonsu, sai 1974 Alfred Tissières da abokan aikinshi suka gano furotin ɗin da ake ƙerawa a lokacin, waɗanda ake ce ma HSP, wato furotin masu kare ƙwayar halitta daga zafi. Shi furotin sai ya naɗe daidai yake aiki, zafi kuma warware shi yake har ya cure da ƴan uwanshi, abinda ke samun farin ƙwai kenan in an dafa. Lambar da ke gaban sunan, 70 ko 90 ko 104, nauyinsu ce kawai.

Ita Lindquist ta gama dokta a Harvard a 1976, ta daɗe a jami'ar Cikago, daga baya ta shugabanci cibiyar bincike ta Whitehead daga 2001 zuwa 2004. Labo ɗinta ne ya nuna cewa yis in ba shi da Hsp104 ba ya jure zafi mai tsanani, kuma wannan furotin ba hana curewa kawai yake ba, wanda ya riga ya cure ma yana warware shi, kamar mai kwance zaren da ya sarƙe. A 1998 ita da Suzanne Rutherford suka nuna Hsp90 yana rufa asirin wasu canje-canje na gado, da an rage mashi ƙarfi sai ƙudaje su fito da fiffike ko ido na daban. Wannan takarda ta sha gardama wajenmu, har magariba ta yi ba a tashi ba. Ƴan medesin kuma abinda ya ja su shine aikin 2005 kan yadda Hsp90 ke taimakon naman gwari ya bijire ma magani, da yadda ta sa furotin ɗin cutar Parkinson cikin yis don gwada magunguna. Ta rasu a 2016.

Amma ni a ganina inda aikinta ya taɓa mu kai tsaye shine na shekarar 2000, da aka nuna tsiro ma yana da nashi, Hsp101, kuma in babu shi zafi kashe ɗan tsiron yake. Duk wanda ya taso a karkara ya san shuka ta tsiro bayan ruwan farko, ruwa ya ɗauke, yashi ya ɗau zafi sama da digiri 50 da tsakar rana, a wayi gari ta ƙone sai an sake shuka. Shi ya sa muka yi gwajinmu da hatsi. Mun tsirar da iri kan auduga mai laima cikin faranti, kashi ɗaya muka fara ba shi zafi matsakaici na ƴan awowi don ya ƙera HSP ɗinshi ya huta, sannan muka haɗa duka biyun cikin zafi mai yawa. Waɗanda aka shigar kai tsaye saiwarsu ta yi laushi ta koma ruwan ƙasa, sauran kuwa da yawansu sun miƙe har da ɗan ganye kore. Ba bincike ne na bugawa ba, tarmometir ɗinmu ma na aro ne kuma kuran ya ɗauke mana ana tsakiyar aiki, amma yaran lise da muka gayyato sun gani da idonsu, wata ƴar tarminal har ta tambaya ko dawa ma haka take.

Ziyarar cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore bata yiwu ba, kuɗin mota suka gagara. Shirin rediyo ma an ɗage.

Maganar kes kuwa, gaskiya kotizasiyo bata shigowa, jika ɗaya a wata bai kamata ya zama abin bi gida-gida ba. Ma'aji zai turo lissafi cikin grup na WhatsApp, kowa ya duba sunanshi. Godiya ga malamanmu na fakilten kimiyya ta jami'ar Abdou Moumouni da suka zauna damu, Allah ya saka da alheri.

Baɗi in sha Allah zamu maimaita gwajin da dawa da wake, a kwatanta irin gida da ingantacce, don haka duk wanda zai je gida hutu, ƴan Tawa da ƴan Dogonduci musamman, ya taho mana da ɗan iri cikin leda a rubuta sunan garin a jiki. Masu son shiga sabon biro su bada sunansu kafin reniyo mai zuwa.

Sakataren ƙungiya