Daga Karatun Haƙori Zuwa Tiyatar Kwalliyar Fuska: Amsar Da Na Ba 'Yar Ƙanwata

Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu.

Ni likitan tiyatar baki da muƙamuƙi ne, kuma da karatun haƙori na fara. Makonni uku da suka wuce 'yar ƙanwata, wadda ke shekarar ƙarshe a makarantar likitancin haƙori, ta zo ta zauna kusa da ni ta miƙo mini wayarta. Bidiyo ne na wata matashiya cikin farin kwat tana tsira wa wata mata allura a leɓe, kafin minti biyu leɓen ya cika ya yi tumbur. A ƙasa an rubuta cewa mai allurar likitar haƙori ce. Sai yarinyar ta ce mini, "Kawu, in na gama ta ina zan bi in zama mai gyaran fuska? Ni fa ciko da cire haƙori sun ishe ni tun ban fara ba." Na yi dariya, amma na lura ita ba da wasa take ba. Ba ita ce ta farko da ta yi mini wannan tambaya ba, shi ya sa na ga gara in rubuto amsar inda sauran ɗalibai da iyayensu za su gani.

Hanyar akwai ta, kuma tsohuwa ce. Mutane da yawa ba su san cewa likitocin haƙori na cikin waɗanda suka aza harsashin tiyatar fuska ta zamani ba. A Yaƙin Duniya na Ɗaya sojoji na cikin ramuka, kai ne kawai ke leƙowa waje, don haka harsashi da ɓarɓashin bam suka riƙa samun fuska. Harold Gillies, wanda ake kira uban wannan fanni, asalinsa likitan kunne da hanci da maƙogwaro ne. A 1915 a Faransa ya haɗu da wani likitan haƙori mai suna Charles Valadier da ke ɗaure karyayyun muƙamuƙan sojoji, a nan idonsa ya buɗe. Da aka buɗe masa asibiti a Sidcup kusa da Landan a 1917, wani likitan haƙorin ne, William Kelsey Fry, ke kula da ƙashi da haƙora, shi kuma Gillies ya ɗora nama da fata.

Amma wanda na fi so in ba ɗalibai labarinsa shi ne Varaztad Kazanjian. Ɗan Armeniya ne, ya isa Amurka a 1895 yana saurayi, ya kama aiki a masana'antar waya. Ya gama karatun haƙori a jami'ar Harvard a 1905. Da yaƙi ya zo, hannun nan da ya saba murɗa waya shi ya riƙa ɗaure muƙamuƙan sojoji da ita, dubbai suka bi ta hannunsa, har sunansa ya zaga duniya. To da aka gama yaƙi me ya yi? Ya koma aji. Mutum ya doshi shekara 40, ya riga ya yi suna, ya zauna cikin yara ya yi digirin likitanci, ya gama a 1921. Sai a 1941 ya zama farfesan tiyatar gyaran jiki na farko a Harvard. Na ce wa 'yar ƙanwata ta lissafa shekarun da kanta.

Yau ƙofar da mai digirin haƙori ke bi sunanta tiyatar baki da muƙamuƙi da fuska. A Amurka bayan shekara 4 na makarantar haƙori sai mutum ya nemi gurbin horon ƙwarewa a asibiti, mafi ƙaranci shekara 4. Akwai tsarin shekara 6 wanda a cikinsa ake haɗa masa da digirin likitanci. A cikin shekarun nan zai yi watanni yana koyon sa majinyaci barci don tiyata, ya zaga sashen tiyata ta gama-gari, ya kwana a ɗakin taimakon gaggawa. Wanda ke son kwalliyar fuska zalla yakan ƙara shekara guda a ƙarƙashin wani gwani, yana koyon gyaran hanci, fatar ido, haɓa da ɗage fatar da ta saki. A Ingila ba zaɓi ba ne, dole sai da digiri biyu, na haƙori da na likitanci, kafin a karɓe ka a wannan fanni. Rangwamen da ake yi wa mai digirin haƙori shi ne a taƙaita masa digiri na biyu. Kowace ƙasa da dokarta, ɗalibi ya je ya karanta ta hukumar da za ta ba shi lasisi tun kafin ya fara mafarki.

Akwai kuma iyaka. Lasisin haƙori bai wuce baki da muƙamuƙi da abin da ke maƙwabtaka da su ba. Wanda burinsa zuƙe kitsen ciki ne ko gyaran ƙirji, wannan ba ƙofarsa ba ce, sai ya yi digirin likitanci ya bi horon tiyatar gyaran jiki.

Abin da ɗalibai ke rainawa a karatunsu shi ne jarinsu mafi tsada. 'Yar ƙanwata na ganin shekarun da ta yi tana duba yadda haƙoran sama ke sauka a kan na ƙasa ɓata lokaci ne. Ai nan ne gindin fuskar. Fuska kamar ɗaki take, fata labule ce kawai, ƙashi ne gini. Mutum zai zo ya ce haɓarsa ta yi ƙanƙanta, a cika masa ita. Mai allura zai cika. Wanda ya karanta haƙori kuwa zai ce masa ciza in gani, sai ya tarar muƙamuƙin ƙasa ne gaba ɗaya ya koma baya, shi ya sa ma yake munshari yana shaƙewa cikin barci. Maganin wannan a tsaga ƙashin a jawo shi gaba. Hugo Obwegeser, wanda ya yi aikinsa a Zurich kuma yake da digirin biyu, shi ya bayyana dabarar a 1957: a tsaga muƙamuƙin ƙasa ta tsawonsa daga cikin baki, ba tabo ko ɗaya a waje. Na sama kuma muna yanka shi ne a kan layin da wani likitan Faransa, René Le Fort, ya gano a 1901, lokacin da ya yi ta gwaji a kan kawunan gawa don ya ga inda ƙashin fuska ke karyewa. Ranar da na fara ganin an matsar da muƙamuƙin wani saurayi da milimita 8 kacal, hancinsa da leɓensa da haɓarsa duk suka sami mazauni, ranar na daina kallon ciko a matsayin ƙaramin aiki.

Yanzu ga inda nake da ƙorafi. Tun da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da allurar Botox don tamojin tsakanin gira a 2002, sai kuma allurar cike fata ta yawaita, wata gajeriyar hanya ta buɗe: kwas na kwana biyu a otal, a ba ka takardar shaida mai zanen zinariya, ranar Litinin ka rubuta "ƙwararren gyaran fuska" a Instagram. A ƙasashe da dama, har da Amurka da Ingila, laƙabin likitan kwalliya ba wani fanni ba ne da doka ta killace. Binciken da wani babban likita, Bruce Keogh, ya jagoranta a Ingila a 2013 ya ce wanda aka yi wa irin wannan allura ba shi da wata kariya da ta wuce ta wanda ya sayi biro ko burushin haƙori. Sai a Oktoba 2021 Ingila ta haramta yi wa 'yan ƙasa da shekara 18 waɗannan allurai don kwalliya.

Ban ce likitan haƙori bai iya allura a fuska ba. Kullum yana yi, ya fi yawancin likitoci sanin inda jijiyoyin fuska suka bi. Matsalar ita ce ranar da abu ya ɓaci. Wata rana da yamma aka kawo mini wata mata da aka cika wa gefen hanci a wani wuri da ba zan ambata ba. Fatar ta yi fari fat, daga baya ta soma duhu, tana kuka da zafi. Maganin ya shiga jijiyar jini ya toshe ta. Wanda ya yi mata allurar ya ce ta sa ƙanƙara, kwanciyar jini ce, za ta washe. Ba shi da maganin da ke narkar da abin da ya zuba, bai ma gane abin da yake gani ba. Mun yi ta narkarwa har dare, Allah ya taimaka mafi yawan fatar ta tsira, amma tabo na nan. Da ta jijiyar da ke kai jini ido ya bi, da ganinta ne ya tafi, kuma hakan ya faru da wasu. Allurar kanta an koya masa cikin kwana biyu. Gane fatar da ke mutuwa kuwa sai wanda ya yi shekaru yana ganin ta a gadon asibiti.

Akwai kuma abin da ba a sa shi a bidiyo, wato cewa a'a. Wasu masu zuwa neman gyaran hanci, hancinsu lafiya lau yake, damuwar a zuci take. Ka yanka sau uku ba za su gamsu ba. Malamina yakan sa mu zauna da irin waɗannan mu saurare su na tsawon lokaci, daga ƙarshe mu tura su wurin likitan ƙwaƙwalwa cikin mutunci. Mai asibitin kansa da ke lissafin haya, da wuya bakinsa ya iya furta wannan kalma.

Kuɗi akwai a kwalliya, ba zan ɓoye ba, kuma ban ga laifin matashin da ke son ya samu ba. Sai dai banza ba ta kai zomo kasuwa. Shekarun horon nan albashi kaɗan ne, barci kaɗan, abokan karatunka da suka buɗe asibitin haƙori sun riga sun sayi mota kai kana ɗinke leɓen ɗan acaɓa da ƙarfe uku na dare. Kuma hannun da zai ɗage fatar attajira shi ne dai hannun da ya koyi aiki a kan jaririn da aka haifa da tsagaggen leɓe, da yaron da cutar nan mai cin naman fuska da ake kira noma ta cinye wa kunci, cutar da sai a Disamba 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su. Wasu daga cikinmu sun shiga don kwalliya, suka tarar da waɗannan yara, ba su sake fita ba.

'Yar ƙanwata ta yi shiru ta ce, "Kawu, wato shekara goma kenan ko fiye." Na ce ƙwarai. Ba ta ce za ta yi ba, ba ta ce ta fasa ba. Ta dai nemi in nemar mata izini ta bi ni aikin dare ranar Asabar mai zuwa, ranar da masu haɗarin mota suka fi yawa. Na ce ta sa takalmin da za ta iya tsayuwa awa shida a cikinsa, ta kuma ci abinci kafin ta zo.

Na gode da fili.

Naka,
Wani likitan tiyatar baki da muƙamuƙi