Rahoton Ayyukan Shekara na Ƙungiyar Masu Tallafa wa Likitocin Haƙori 'Yan Mishan

'Yan'uwa cikin Almasihu, salama a gare ku.

Ga bayanin abin da muka yi bana da baikonku da kuma lokacinku. Lissafin kuɗi da adadin marasa lafiya suna hannun ma'aji, zai karanta su a babban taro. Ni zan tsaya ne kan aikin da ba ya fitowa a hoto. Likitocin da ke zuwa mana daga Amurka da Ingila mako ɗaya ko biyu suke yi su koma. Namu aikin yakan fara watanni kafin su sauka Jos, kuma bana mun gane cewa bai kamata ya ƙare ranar da suka tashi ba.

Takardu ne farko. Likitan da ya zo daga waje ba zai taɓa bakin kowa ba sai ya yi rajistar wucin gadi da hukumar likitoci ta ƙasa, MDCN, maganin da ya taho da shi kuma sai da izinin NAFDAC. A tafiya ta farko mun yi sake, ba mu nemi izinin allurar kashe zafi da wuri ba, kwalin bai iso hannunmu ba har baƙin suka koma. Laifinmu ne, mun ɗauka. Wani ɗan'uwa mai kemis ne ya rufa mana asiri. Daga nan muka yanke shawarar cewa duk abin da ake samu a gida, irin su safar hannu, auduga da allura, a gida za mu saya.

Kuɗin mota da na janareta kuwa, tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kowa ya san inda ake ciki, ba sai na tsawaita ba.

Inda nake so ku tsaya ku duba shi ne teburin baya. A kowane ƙauye, bayan labulen da likita ke aiki akwai 'yan'uwa mata biyu daga zumuntar mata, da bokitai uku da buroshi da tukunyar tururi a kan risho. Duk awartakin da ya fito daga bakin mutum sai sun goge jinin, sun wanke, sun naɗe, sun sa a tukunya. Tafasawa kawai ba ta isa ba, balle a kan tudun Jos inda ruwa ke tafasa bai kai digiri 100 ba. Ana bukatar tururi mai digiri 121 na tsawon minti 30, kuma ba a fara ƙirga lokaci sai tukunya ta fara huci. Na ga ranar da layi ya kai bakin rijiya, rana ta take, mutane na ta gunaguni, likita na jiran kayan aiki, amma Mama mai kula da tukunya ta ƙi buɗe ta saura minti shida. Ta dubi agogon hannunta ta ce, "Ɗana, a gaya musu su ƙara haƙuri." Ta yi daidai. Ciwon hanta da ƙanjamau ta jini suke bi, kuma ba za mu raba mutum da ciwon haƙori mu haɗa shi da wanda ya fi shi ba.

Kafin kowace tafiya mukan je gaisuwa wurin dagaci da limamin gari tare da faston wurin. Da yawa daga masu zuwa maƙwabtanmu ne Musulmi. Ƙa'idarmu tana nan: ba a tambayar addinin kowa kafin a ba shi kati, addu'a kuma sai ga wanda ya so.

Abin da ya fi taɓa mu bana ya faru ne bayan tafiya ta biyu. Wani dattijo da aka cire wa turmin haƙori ranar ƙarshe, bayan kwana uku ramin ya buɗe, zafi ya hana shi barci, mu kuwa mun riga mun kwashe kaya. Gudan jinin da ya kamata ya toshe ramin ne ya fita, abin da yakan faru idan mutum ya kurkure baki da ƙarfi ko ya sha taba a ranar farko. An gaya masa, amma da Turanci, mai fassara kuma ya taƙaita. Sai da fasto ya goya shi a babur zuwa asibitin gari. Saboda haka kwamiti ya sa doka biyu. Ranar ƙarshe ba a cire haƙori mai wuya. Sannan ba za mu je ƙauyen da ba mu shirya da ma'aikacin lafiya na wurin ba, wanda za mu bar masa magani da lambar wayar likita, ya duba mutane har mako guda. Mun kuma rubuta gargaɗin da Hausa, ana karanta wa kowa: ka cije audugar rabin awa, kada ka kurkure baki yau, gobe ka fara da ruwan ɗumi da gishiri.

Waɗannan ma'aikatan lafiya mun koya musu alamun cutar noma, wadda ke cinye fuskar ƙananan yara masu fama da yunwa, yawanci 'yan shekara 2 zuwa 6. Tana farawa da kumburin dasashi da zubar jini da warin baki, kuma a wannan matakin maganin kashe ƙwayoyin cuta yana tsayar da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su a Disambar 2023, a Sakkwato kuma akwai asibiti na musamman dominta.

Baɗi muna bukatar tukunyar tururi ta biyu, da masu fassara da za a horar tun kafin tafiya, da direba ɗaya mai zaman kansa. Muna kuma roƙon likitocin haƙori na cikin ikilisiyoyinmu su ba mu ko da Asabar ɗaya a wata uku, don su koma ƙauyukan da baƙi suka bari. Mai niyya ya ga sakatare bayan sujada.

Ubangiji ya sa albarka ga duk wanda ya dafa abinci, ya ba da masauki ko ya ɗauki kwali.

Sakatare, a madadin kwamitin gudanarwa