Rahoton Kwamitin Sake Gina Ɗakin Wuta da Kafa Sola a Asibiti

Ranka ya daɗe shugaba, iyayenmu mambobin hukumar gudanarwa, ma'aikatan asibiti, da duk wanda ya sa hannu a aljihu saboda wannan aiki, assalamu alaikum.

Aikin da kuka ɗora wa wannan kwamiti ya kammala. An rushe tsohon ɗakin janareta an sake gina shi, an kafa farantan sola, an haɗa batura da inbata (na'urar da ke juya wutar batir ta zama irin wadda kayan wuta ke amfani da ita), an yi wa tsohon janareta garambawul, kuma wuta na tafiya a kowane sashe. Rasiɗai da takardun kuɗi suna hannun ma'aji ga mai son dubawa. Abin da ya fi buƙatar bayani shi ne lissafin da ya kai mu ga wannan tsari, domin tun ranar da aka sauke kaya ake yi mana tambayoyi biyu masu karo da juna. Wasu na cewa don me aka zuba wannan uban kuɗi a sola, alhali kaɗan daga cikinsa ya isa sayen sabon janareta. Wasu kuma na cewa tunda an sa sola, me tsohon janareta yake jira a harabar har yanzu.

Maganar ginin ba ta da tsawo. Jijjigar inji ta tsattsaga bangon tsohon ɗakin, daɓen ya sha baƙin mai, ga shi babu hanyar iska. Sabon ginin ɗaki biyu ne da bango a tsakani, ɗaya na janareta ɗaya na batura, saboda zafi yana rage wa batir kwana. Janareta ya hau dakalin kankare nasa na kansa a kan roba, aka karkatar da bututun hayaƙinsa nesa da ɗakunan marasa lafiya. Da kafinta ya hau rufin babban ɗakin kwanciya ya ce katakon ba zai ɗauki nauyin farantan ba, sai mai walda ya ƙera musu rumfar ƙarfe a fili, wadda yanzu masu jinya ke shan inuwa a ƙarƙashinta. An binne sandar kariya daga tsawa. Sannan an raba wayoyin asibitin gida biyu: layin gaggawa da ba ya jure ɗaukewar wuta, wato ɗakin haihuwa, ɗakin tiyata, firjin allurar rigakafi da fitilun dare, da kuma layin sauran kaya. Wannan rabon ya fi kowane abu rage mana kuɗin batura.

Kuɗin sayen kaya ba ya nuna tsadar wuta. Hanyar da masana harkar ke bi, kuma muka bi, ita ce a tara duk abin da na'ura za ta ci tun daga ranar sayenta har ta mutu, kuɗin kafawa da mai da sabis da kayan gyara da kuɗin ruwa in da rance, a raba da adadin yunit ɗin da za ta bayar. Yunit dai shi ne abin da mita ke ƙirgawa, kilowat ɗaya na tsawon awa ɗaya.

Idan aka auna janareta da wannan ma'auni, araharsa a ranar saye take ƙarewa. Litar dizil ɗaya tana ɗauke da ƙarfin da ya kai kimanin yunit 10, amma ƙaramin janareta kusan yunit 3 kawai yake fitarwa daga cikinta, sauran ya tafi a zafi da hayaƙi. A ɗauka, domin misali, wuri yana shan yunit 150 a rana. Lita 50 ke nan kullum, lita 18,250 a shekara. Kowa ya ninka wannan da farashin lita a inda yake, ya ƙara juyen baƙin mai da canjin filta da ake yi bayan kimanin awa 250 na aiki, da ladan makaniki, da man da ke ɓacewa tsakanin gidan mai da tanki. Akwai kuma wata asarar da ba a cika lura da ita ba: cikin dare, lokacin da kayan da ke kunne ba su da yawa, babban janareta yana shan mai fiye da kima a kan kowane yunit, kuma man da bai ƙone ba yana taruwa ya lalata injin.

Sola kuwa akasin haka take. Kuɗinta kusan duka a ranar farko ake biyansa, bayan nan sai wanki da dubawa. Kamfanonin ƙera farantan suna ba da garantin shekara 25, kuma ƙarfinsu yana raguwa ne da kusan rabin kashi ɗaya cikin ɗari a shekara. Farashinsu ya faɗi warwas a duniya. Hukumar IRENA, mai kula da makamashin da ake sabuntawa, ta nuna cewa matsakaicin kuɗin samar da yunit ɗaya a manyan tashoshin sola ya sauko daga santi 46 na dalar Amurka a 2010 zuwa santi 4.4 a 2023, ragin kashi 90 cikin ɗari. Na injinan iska da ake kafawa a tudu ya sauko zuwa santi 3.3. A cewar hukumar, kashi 81 cikin ɗari na ƙarfin wutar da aka ƙara daga irin waɗannan hanyoyi a 2023 ya fi na sababbin tashoshin kwal da iskar gas araha.

Wani daga cikinmu ya kawo waɗannan alƙaluma zaman kwamiti yana ganin magana ta ƙare. Injiniyanmu ya ce ba ta ƙare ba, kuma shi ke da gaskiya. Alƙaluman na tashoshi ne masu cin ɗaruruwan kadada, masu sayen faranti a jirgin ruwa, kuma babu kuɗin batir a cikinsu. Ƙaramin aiki irin namu yunit ɗinsa ya ninka wancan tsada. Haka nan bai dace a yi wa duk wutar gargajiya kuɗin goro ba. Babbar tashar iskar gas ta zamani tana iya mai da kusan kashi 60 cikin ɗari na makamashinta wuta, ninki biyu na abin da janaretanmu ke yi, shi ya sa wutar babban layi ta fi ta kowane ƙaramin janareta sauƙi. Ba mu yanke ta ba. Duk daren da take nan, ita ce farkon abin da inbata ke ɗauka.

Kowane ɓangare da abin da yake tsoro. Mai ƙona mai ko gas yana hannun kasuwa. Ƙasashen Turai sun ɗanɗana haka a 2022, lokacin da yaƙin Rasha da Yukren ya ninninka farashin gas, kuɗin wuta ya bi shi, alhali tashoshin ba su canza ba. Mai sola kuwa yana hannun mai ba da rance, tunda gaba ɗaya yake biya. Faranti iri ɗaya, rana iri ɗaya, amma wanda ya ci bashi da kuɗin ruwa mai yawa wutarsa na iya kusan ninka ta wanda ya samu rance mai sauƙi. Mu gudummawa muka yi aiki da ita, babu bashi a kanmu, kuma wannan yana cikin manyan dalilan da lissafin ya yi mana kyau. Duk wanda zai kwaikwayi aikinmu da kuɗin banki, ya sake zama da alƙalami.

Inda muka fi daɗewa muna muhawara shi ne dare. Wutar rana da rana tana da araha ƙwarai, ajiye ta zuwa dare ne mai cin kuɗi. Gaskiya ne batir ma ya yi sauƙi: binciken BloombergNEF, kamfanin nazarin harkar makamashi, ya nuna matsakaicin farashin batirin litiyam ya sauko daga sama da dala 1,000 a kan ma'ajin yunit ɗaya a 2010 zuwa dala 115 a 2024, ko da yake wannan farashin manyan masu saye ne irin kamfanonin mota. An kawo mana tayin baturan dalma masu sauƙin kuɗi muka ƙi, domin araha ba ta ado. Batirin dalma ba a son a sha fiye da rabinsa, kuma a 'yan shekaru yake gajiya, na litiyam kuwa yana jure caji da sauka sau dubbai. Duk da haka, ko na litiyam ɗin sai an canza shi aƙalla sau ɗaya kafin farantan su tsufa, haka ma inbata. Mun sa wannan a lissafi tun farko. Yawancin takardun talla da aka kawo mana ba su sa ba.

A nan amsar masu cewa a sayar da janareta take. Kafin asibiti ya rabu da shi kwata-kwata, sai an tanadi baturan da za su riƙe wuta kwana biyu ko uku a jere na hadari da lumshi, waɗanda mafi yawan shekara a zaune za su kasance suna tsufa. Janareta in yana kashe ba ya cin komai, sai an tayar da shi yake cin kuɗi. Batir kuwa an riga an biya shi ko ya yi aiki ko bai yi ba. Don haka muka sayi baturan da za su kai layin gaggawa asuba a daren da babu wutar layi, muka bar wa janareta 'yan kwanakin da rana ta ɓuya. Kuɗin garambawul ɗinsa bai kama ƙafar kuɗin ƙarin batura ba.

Akwai ragin da bai ci mana ko sisi ba, wato sauya lokacin aiki. Famfon da ke tura ruwa tanki, tukunyar tafasa kayan tiyata, wanki da guga, duk an mai da su tsakanin hantsi da la'asar, lokacin da farantan ke ba da fiye da abin da ake sha. Muna godiya ga shugabar ma'aikatan jinya da ta sake tsara jadawalin ma'aikata saboda haka, domin ba kowa ya ji daɗin canjin ba da farko. An kuma canza tsofaffin ƙwayayen fitila da masu ƙarancin cin wuta.

Hayaƙi da ƙara ba mu yi musu farashi ba, ko da yake kowace litar dizil tana sakin sama da kilo biyu da rabi na iskar kabon, kuma masu kwana a ɗakin da ke kusa da injin sun san abin da suka huta da shi. Ko ba tare da su ba lissafin ya tsaya da ƙafarsa.

Abubuwan da muke bar wa hukuma kaɗan ne, amma muna roƙon kada a yi musu riƙon sakainar kashi. Wani kaso na kuɗin man da aka daina saya ya riƙa shiga asusu na musamman kowane wata domin canjin batura da inbata, kada a taɓa shi don wata hidima. A riƙa wanke farantan da ruwa da tsumma mai laushi da sassafe kafin su ɗau zafi, musamman lokacin ƙura. A riƙa tayar da janareta lokaci-lokaci ko ba a buƙatarsa, don kada ranar da aka neme shi ya ƙi tashi. Kada a jona na'urar sanyaya ɗaki ko hita a layin gaggawa sai da sanin injiniya. Akwai littafi a ɗakin batura da mai kula da wuta zai riƙa rubuta abin da mitoci suka nuna da litocin da aka zuba, kuma daga cikinsa za a fitar da kwatancen shekara a gabatar a babban taro.

Makullan ɗakunan biyu, takardun garanti da zanen wayoyi mun miƙa su ga ofishin shugaba. Allah ya saka wa kowa da alheri.

Sakataren kwamiti, a madadin mambobi.